Wa Ya Fi Cancantar Yabo a Tarihin Nutso?

Duk sa'ad da aka ta da zancen nutso cikin teku, sunan Jacques Cousteau ke fara zuwa baki, domin shi da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska ta Aqua-Lung a 1943. A ganina, an tauye wa masana aikin jikin ɗan Adam haƙƙinsu.

Kwalkwalin nutso mai bututun iska ya samu tun shekarun 1830. Da ya isa ga masu tsinko soso na Girka, sai ga su suna fitowa lafiya, jim kaɗan jiki ya shanye, wasu ma su mutu. Dalili kuwa, kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu, wanda ke cusa naitirojin cikin jini. Bafaranshe Paul Bert ya tabbatar a 1878 cewa in mutum ya taso da gaggawa, iskar nan takan yi kumfa, tamkar an ɓalle murfin kwalbar lemo. Malami na iya nuna wannan a aji.

A 1908 John Haldane, bayan gwaje-gwaje da awaki a Landan, ya fitar da jadawalin tasowa daki-daki. Kwamfutocin da masu nutso ke ɗaurawa a hannu yau, akasarinsu a kan lissafinsa aka gina su.