Kunya ba ta kai saƙo

Shekara uku muna zama benci ɗaya a jami'a, ni da ita. In ta makara ni ke riƙe mata wuri. Duk ƴan fadarmu sun san ina son ta, ita kaɗai ce ban faɗa wa ba. Kafin in tattara ƙarfin hali, sai ga katin ɗaurin aurenta ya shigo mini a WhatsApp.

A lokacin cewa nake kunya ce. Yanzu na gane tsoro ne: kar ta ce a'a, abota ta lalace, a yi mini dariya wajen shayi.

Kunya ado ce, ba mu musu. Amma Nana Khadija ba ta rasa kunya ba, kuma ita ta aiki ƙawarta Nafisa da zancen aure wajen Annabi (SAW). Ke nan faɗin abin da ke zuciya cikin mutunci bai saɓa wa tarbiyya ba, ga namiji ko ga mace.

Don haka ɗan'uwa, in da gaske kake, faɗa mata. Sau ɗaya, a fili, ba habaici ba. In baki ya yi nauyi, ka tura wanda ka yarda da shi. Amma fa abota ba bashi ba ce. In ta ce a'a, shi ke nan. Ba naci, ba gaba, ba yawo da saƙonninta cikin abokai.

Zafin a'a na ɗan lokaci ne. Ni da na yi shiru, har yau ban san amsar da za ta ba ni ba.