Rairai da allurar ketamin: kada mu saki reshe mu kama ganye

Yau ina son mu duba wata hanyar magani da wasu likitocin ƙwaƙwalwa ke bi a ƙasar Amurka, wadda duk wanda ya ji ta karon farko sai ya yi dariya. Suna haɗa allurar ketamin da wasan rairai domin taimakon masu ciwon damuwa mai tsanani, da waɗanda wani tashin hankali ya bar wa tabo a zuciya. A nawa ganin, allurar ba ta wadatar ita kaɗai, kuma wanda ya rungume ta ya raina rairan ya saki reshe ya kama ganye.

A shekarar 1962 wani masani mai suna Calvin Stevens ya haɗa ketamin a Amurka, a 1970 kuma aka ba da izinin sa majinyaci barci da shi lokacin aikin fiɗa. A shekarar 2000 masu bincike na jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa, wanda bai kai na sa barci ba, yana sassauta ciwon damuwa cikin awoyi, alhali sauran magunguna sai sun ɗauki makonni. Galibi ana ba da rabin miligiram ga kowane kilo na nauyin mutum, ta hanyar ƙarin ruwa, cikin minti 40. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani ɗan uwansa mai suna Spravato, wanda ake fesawa a hanci.

Sai dai sauƙin ba ya daɗewa. Bayan kwanaki, ko mako ɗaya zuwa biyu, ciwon yakan dawo. Haka zalika yayin da maganin ke aiki, mutum yakan ji kamar ya rabu da jikinsa, ya ga abubuwa kamar a mafarki, idan ya dawo hayyacinsa kuma bakinsa ya kasa faɗin abin da ya gani.

A nan ne rairai ke shigowa. A 1929 wata likitar yara a birnin Landan, Margaret Lowenfeld, ta fara ba yara akwatin rairai da ƙananan kayan wasa domin su nuna abin da ke damunsu. Daga baya Dora Kalff, ƴar ƙasar Suwis, ta faɗaɗa hanyar har ta haɗa da manya. Akwatin na katako ne, tsawonsa wajen santimita 72, faɗinsa 57, zurfinsa 7, an shafa wa cikinsa shuɗin fenti yadda idan aka tone rairan sai wurin ya yi kama da ruwa. Kusa da shi akwai siffofin mutane, dabbobi, gidaje, itatuwa da gadoji. Majinyaci ya zaɓi abin da ya ga dama ya gina, likita na zaune yana kallo. Kada wani ya ɗauka bugun ƙasa ne. Mai bugun ƙasa shi ke zane, shi ke faɗa maka abin da ya ce ya gani. A nan majinyaci ne ke ginawa da hannunsa, kuma ba a neman sanin gaibu.

Masu haɗa hanyoyin biyu sukan kawo akwatin bayan an yi allurar, tun abin da mutum ya gani bai gushe masa ba. A misali, wanda ya kasa maganar rasuwar ɗansa yana iya binne ɗan ƙaramin mutum-mutumi a kusurwa, ya kewaye shi da shinge. Sai a ɗauki hoton ginin, bayan makonni a duba ko ya buɗe wa shingen ƙofa. Daga nan magana ke farawa, kuma maganar ce ke zama tare da shi bayan ƙarfin allurar ya wuce.

Wani zai ce wannan wasan yara ne, magani kuwa shi ne magani. Gaskiya ne haɗin nan sabo ne, ya fi dogara da abin da likitoci ke gani a ɗakunan aikinsu fiye da manyan bincike. To amma an ga inda ketamin ke kai mutum idan ya kuɓuce daga kulawa. A watan Oktoba na 2023 ɗan wasan fim ɗin Amurka Matthew Perry ya mutu sanadiyyarsa, kuma cikin waɗanda aka gurfanar gaban shari'a har da likitoci biyu. Maganin na tayar da hawan jini, yana kama jiki, kuma yawan amfani da shi na lalata mafitsara.

Mu a Nijar, me ya shafe mu? Ketamin ba baƙo ba ne a gidajen likitanmu. Da shi ake fiɗa a wuraren da babu manyan na'urori, domin ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan barci. Shi ya sa a 2015, da ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokar sayar da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi baya ba. Mun dai ga yadda tramol ya fita daga hannun likita ya faɗa teburin ƴan tireda, ya lalata samari masu yawa. Idan labari ya bazu cewa ketamin na maganin baƙin ciki, wa zai hana shi bin wannan hanya? Ranar da hakan ta faru, mace mai naƙuda da ke jiran fiɗa ita za ta fara rasa shi.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatar kiwon lafiya ta tsare ketamin a hannun likitoci, a rinƙa rubuta kowace kwalba da ta fita. Ina kuma kira ga sashen koyon likita na jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ya duba yadda za a horar da ma'aikata a kan aikin rairai, ko da babu allurar. Tun daga 2015 yaran jihar Diffa da dama sun ga abin da baki ba ya iya faɗi, kuma ƴaƴanmu sun saba gina gidaje da shanun laka a ƙofar gida. Rairai ba mu rasa shi ba, masu sanin aikin muke bukata.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.