Jirgin ƙasa: a riƙa ƙirga tan, ba kujeru kaɗai ba

A wannan makon kan layin dogo za mu tsaya.

Duk lokacin da aka ambaci jirgin ƙasa a Najeriya, hankalinmu kan tafi ga jirgin Abuja zuwa Kaduna: kujeru masu laushi, sanyin iyakwandishan, rigimar tikiti. Tun da aka buɗe wannan layi a 2016, da na Itakpe zuwa Warri a 2020, da na Legas zuwa Ibadan a 2021, kusan duk muhawararmu a kan fasinja take. Mu kuwa a ganinmu, abin da Arewa ta fi buƙata daga dogo shi ne dakon kaya, kuma da yawan tan ɗin da ya kwasa ya kamata mu auna kowane layi da aka ciyo bashi aka shimfiɗa.

Tun asali ma don kaya aka kawo shi. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma Turawan mulkin mallaka auduga suke hange don masaƙun Ingila. Sai manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba. Daga nan aka samu dalar gyaɗa, aka samu attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Reshen Ƙauran Namoda na 1929 da na Nguru na 1930 duk bin gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi suka yi. A 1964, shekarar da dogo ya kai Maiduguri, Hukumar Jiragen Ƙasa ta yi dakon kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai gangara. Man fetur ya karɓe hankalin gwamnati, gyaɗa ta ja baya, aka zuba kuɗi a kwalta, taragu suka yi tsatsa a Zariya da Kafanchan. Kayan ba su ɓace ba, kan tirela suka koma.

Yanzu dubi abin da tirelar ke ci mana. Tirela ɗaya buhu 600 take ɗauka, wato tan 30, idan ba a yi mata lodin wuce ƙima ba, kuma mun san ana yi. Jirgi mai taragu 20 zai kwashe kayan tirela 20 ko fiye da kan jirgi ɗaya, da man gas ƙasa da nasu nesa ba kusa ba, domin ƙarfe a kan ƙarfe bai da tirjiyar taya a kan kwalta. Injiniyoyin hanya suna da wani ƙiyasi da ya kamata kowa ya riƙe: idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da zai yi wa titi kan ninka kusan sau 16. Shi ya sa ake gyara hanya bana, baɗi ta fashe. Ga shingayen da ake tatsar direba daga Legas har Kano. Duk wannan kuɗi a kan mudun shinkafa da buhun siminti da takin zamani yake sauka, kuma mu da muka fi nisa da teku mu muka fi biya. Akwai kuma abin da ba a biya da kuɗi. Tankar man da ta faɗi ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ta kashe mutane sama da 150. Fetur mai tafiyar ɗaruruwan kilomita, bututu ko dogo ne muhallinsa.

Za a ce ai dubban 'yan uwanmu da tirela suke ci, direbobi da yaran mota da makanikai da masu abinci a Mararrabar Jos da Tafa. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai jirgi ba ya zuwa ƙofar shago, ba ya shiga gona. Ko a ƙasashen da dogo ya fi ƙarfi, mota ce ke kai kaya tasha, ita ce ke kwasowa. Abin da zai sauya shi ne tsawon zango: maimakon Dawanau zuwa Apapa, sai Dawanau zuwa tashar Kano, ko Maigatari zuwa tasha mafi kusa. Direban da ke kwana a gidansa bai yi asara ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, layukanmu iri biyu ne. Tsohon dogo faɗinsa milimita 1,067, sabon kuwa 1,435, taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon layin da ya taso daga tashar ruwa ta Apapa a Ibadan ya tsaya. Tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa shi ba. Na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, ko an gama su gobe, ba su taɓa teku ba. An ce layin Maraɗi zai janyo kayan Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku, daga Kwatano zuwa Legas. Tunani ne mai kyau, amma ɗan kasuwar Maraɗi ba zai loda kwantena ta je Abuja ta tsaya a sauke ta a ɗora wa tirela ba. Kowane sauke da lodi kuɗi ne, kwanaki ne, kuma dama ce ga ɓarawo.

Saboda haka muke ganin kuskure ne a yi watsi da tsohon layin Legas zuwa Kano don ana jiran sabo. Shi kaɗai ne a yanzu ya haɗa teku da Arewa ba yankewa. Yana da tafiyar hawainiya, amma siminti da hatsi da riɗi ba sa sauri. Tashoshin tsandauri na Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano, ta 2023, an gina su ne don kwantena ta zo kai tsaye a yi mata kwastan a nan gida. In babu jirgin da ke zuwa a kai a kai, sun zama manyan filayen ajiye tirela.

Kuma "a kai a kai" ɗin nan shi ne komai. A 2016 an yi bikin ɗaukar shanu a jirgi daga Gusau zuwa Legas, an ɗauki hotuna, abin bai zama al'ada ba. Ɗan kasuwa ba biki yake nema ba. So yake a ce masa jirgi na tashi kowace Talata, zai isa ran Juma'a, ga farashin tan, ga wanda zai biya idan kaya sun ɓace ko sun jiƙe. Direban tirela yana ba shi wannan alkawarin da baki, kuma yana da lambar wayarsa. Har sai hukuma, ko kamfanin da za a ba hayar layin, ta iya ba da irinsa a rubuce, dillalin Dawanau zai ci gaba da kiran direbansa ko da kuɗin gas ya ninka.

Idan minista ya zo duba aikin dogo a Kano ko Katsina, tambayar da muke so 'yan jarida su yi masa ita ce: tan nawa aka kwasa bara daga Apapa zuwa Arewa, kuma yaushe za a haɗa Ibadan da Abuja?