Tausa ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce

In aka ambaci tausa, hankalin mutane kan tafi manyan otal na Yamai, alhali jikin da ya fi buƙatarta yana ƙauyukan Adar. Daga 1984, lokacin da aikin raya karkara na Keita ya soma da tallafin Italiya, mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na duwatsun da aka tare zaizayar ƙasa da su. Har yau macen Allakaye tana daka, tana jan guga, tana hawan tudu da itace a ka, manomin albasa na Madawa kuma yana wuni a duƙe. Ciwon baya da ƙugu da wuya shi ke tura da yawansu wurin masu tallan ƙwayoyi a kasuwa, kuma yawan shan maganin kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba yana lalata ciki da ƙoda. Ga ungozoma mai gasa jikin mai jego, ga maɗori da wanzami: hannun yana nan, horo ne ya rage. Ya kamata gidajen likita na Buza da Keita da Madawa su jawo su, su koya musu.

Wasu za su ce tausa na hana mara lafiya zuwa likita da wuri. Hakan na faruwa, amma horon ne maganinsa, domin wanda aka koya wa zai san cewa kumburin ƙafa ɗaya, ko karaya, ko ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, ba na matsawa ba ne, na turawa asibiti ne. Batun kunya da addini kuwa, mace ta tausa mace, namiji ya tausa namiji, kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.