Tsallakewa daban, tsayawa daban

Ranar Lahadi a kasuwar Mirriya, mai sarin tukwane yakan bi jerin kaya ɗaya bayan ɗaya, yana ƙwanƙwasa kowace tukunya da yatsa. Wadda ta yi amo garau sai ya ware ta, ya yi ciniki. Wadda ta yi amon tsaga kuwa, sai ya wuce zuwa ta gaba. Bai bar kasuwa ba, tukunya guda kaɗai ya tsallake.

Haka na'ura mai ƙwaƙwalwa take aiki. In an ba ta jerin sunaye, takan maimaita umurni guda a kan kowane suna, abin da ake kira « boucle » da Faransanci, wato kewaye. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Amurka a 1972, kalmomi biyu ke katse wannan tafiya. « Continue » tana sa na'ura ta bar sauran aikin wannan zagaye ta kama na gaba. « Break » kuwa fid da ita take yi daga kewayen baki ɗaya. Harshen Python, da ya fito a 1991, ya gaji dukansu biyu.

Amma tsallakewa tana da tarko. A kewayen da ake kira « while », in mai tsara aiki ya ajiye umurnin matsawa gaba a bayan « continue », na'ura za ta yi ta juyi a kan suna guda har a tsai da ita.

Tarko na biyu ya fi muni, domin shiru yake aiki. A ƙaddara ana shirin rabon hatsi a wani ƙauye, aka umurci na'ura ta tsallake duk magidancin da ba a san ranar haihuwarsa ba. A ƙasar Damagaram, dattawa da dama takardunsu na ɗauke da « né vers », shekara ce ta ƙiyasi, babu rana babu wata. Na'ura za ta wuce su ba tare da ta ce uffan ba, lissafi ya fito tsaf, gidaje kuma su kwana da yunwa.

Saboda haka ƙwararru sukan sa na'ura ta rubuta kowane suna da dalilin barinsa kafin ta tsallake, a kuma ƙirga su a ƙarshe. Tukunya mai tsaga takan koma gida tare da mai ita. Magidancin da ya ɓace daga jeri kuwa, sai ranar rabo zai san an wuce shi.