A Gyara Hanyar Hawan Dala

A tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal, ana gyara hanyoyin ƙafa daga bakin teku har ƙolin Pico Ruivo. Baƙi suna biyan kuɗin bi, da shi ake kula da wurin.

Kano ba ta da teku, amma tana da Dala da Goron Dutse. Ma'aikacin da ya kwashe mako yana shaƙar warin majemun Challawa, ko ƙarar injinan Sharaɗa da Bompai ta cika masa kunne, ya cancanci wurin shan iska ranar hutu. Daga kan Dala ana hango kasuwar Kurmi da hasumiyoyin babban masallaci. Tun 2007 dutsen yake cikin jerin share fage na wuraren tarihi na UNESCO tare da ganuwar birnin, amma gidaje sun matse gindinsa, zaizaya na cin gefensa, shara kuwa abin takaici ne.

Gyaran bai fi ƙarfin gwamnatin jiha ba: matakala masu ƙwari, makari, fitilu, da matasan unguwa masu ja-gora. Masu masana'antun nan ma su sa hannu, tunda ma'aikatansu za su mora.