Lissafin na'ura da ƙafar Maazou

Tun shekara ta 1993 hukumar FIFA take fitar da jerin ƙasashe bisa ƙarfinsu a ƙwallon ƙafa. Kwamfuta ce ke tara maki: nasara, kunnen doki, da girman abokin karawa. Daga rumfunan kasuwar Gaya har Zabori da ofisoshin Doso, akwai masu riƙon wannan jeri tamkar hukuncin alƙali.

To, sai su tuna ran 10 ga watan Oktoba 2010. Masar ta sauka Yamai riƙe da kofin Afirka uku a jere, kuma a shekarar ta taɓa matsayi na 9 a duniya. Mena kuwa tana can bayan ta ɗari. Moussa Maazou ya jefa ƙwallo guda, aka tashi 1 da 0. Ƙarshenta Nijar ta je gasar 2012, karonta na farko, Masar ta zauna gida.

Na'ura ba ƙarya ta yi ba, abin da ya wuce ta ƙirga. Ba ta san zafin ranar Yamai ba, balle gajiyar tsofaffin ƴan wasa.

Babban aibinta shi ne ana iya yi mata wayo. A tsohon tsari, wasan sada zumunci kan rage matsakaicin maki ko da an ci. Polan ta ƙaurace wa irin waɗannan wasanni, ta shiga sahun manya a kofin duniya na 2018, ta ƙare a ƙarshen rukuninta. A watan Agusta na shekarar FIFA ta sake tsari. A 2018 ɗin ne kuma hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta ajiye RPI, ma'aunin da take jera ƙungiyoyin ƙwallon kwando na maza da shi tun 1981.